Kuɗinmu na fita da kaka, ya dawo mana bashi da damina

Wata ranar Lahadi 'yan shekaru baya na raka Baffana kasuwar Gujungu da buhunan riɗi a bayan a-kori-kura. Kafin azahar ya sayar tas, alat ya shigo, ya tsaya gun mai POS ya ciri na kashewa ya cusa a aljihun 'yar shara, muka ci tsire muka kora da fura, ya yankar wa Inna atamfa, ranar dai duk wanda ya gaishe shi sai ya ji hannu. Bayan wata bakwai ruwa ya zauna, gero ya fara tasowa, na same shi a zaure ya zuba tagumi. Na ce Baffa lafiya kuwa? Ya ce "kai dai bari ɗan nan, taki ne, in ban zuba a satin nan ba gonar bayan gari ta tafi." Washegari ya wuce gun wani mai hali a ƙauyen gaba da mu ya karɓo kuɗi a kan ba da kaka.

Wanda bai san ba da kaka ba ga misalinta. A ce mutum ya ba ka naira 30,000 a watan Yuni, sharaɗi in an yi girbi ka kai masa buhun gero ɗaya, buhun nan kuma ranar da za ka kai shi 50,000 yake a kasuwa. Kaga ya ci 20,000 a kan 30,000 cikin wata biyar kenan, in ka baje lissafin a shekara ya kai kashi 160 cikin 100. Ba bankin da zai rubuta wannan a takarda bai ji kunya ba, amma mu a ƙauye taimako muke ce masa, har da durƙusawa da Allah ya ƙara arziki.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne Baffa fa ba matalauci ba ne, garinmu ma ba matalaucin gari ba ne in ka duba abin da ke fita daga cikinsa tsakanin Oktoba da Janairu, riɗi da zoɓo da gyaɗa da wake da gero, ga awaki da raguna da ake kora Maigatari ranar Alhamis. Kuɗin na zuwa ne lokaci ɗaya kaman ruwan Agusta, ba inda za a tare shi, sai ya bi bikin aure da sabon babur da canjin waya ya wuce, ranar da ake neman sa kuma sai an je an sayo shi da tsada a hannun wanda ya iya riƙe nasa. Ni abin da ya kai ni ga kofaretib, wato ƙungiyar tsimi da tanadi, kenan, kuma yanzu ni ne sakataren tamu, dan haka abin da zan faɗa rabi karatu ne rabi kuma abin da ya sha kaina.

Toh mene ne ma ita ƙungiyar tsimi da tanadin? Mutanen da suka san juna ne, 'yan gari ɗaya ko 'yan sana'a ɗaya ko ma'aikatan guri ɗaya, suke tara kuɗinsu a asusu guda, duk wanda buƙata ta kama a cikinsu a ba shi rance daga ciki, abin da aka samu a ƙarshen shekara kuma nasu ne. Masu ajiyar su ne masu cin bashin, su ne kuma masu ƙungiyar, nan bambancinta da banki yake. Banki na masu hannun jari ne da suke zaune Legas ko Abuja, kai kwastoma ne kawai, kuma a can mai jari mafi tsoka shi ne mai baki. A kofaretib kowane memba ƙuri'a ɗaya gare shi, Alhajin da ya zuba miliyan da bazawarar da ke zuba ɗari biyar duk sati hannu ɗai-ɗai za su ɗaga ranar zaɓen ciyaman. Wannan ƙa'idar tun daga wasu masaƙa da 'yan uwansu ma'aikata su 28 na garin Rochdale a Ingila take, da suka buɗe shagon haɗin gwiwa a 1844.

Wani zai ce ai adashe ne aka sa wa riga. Akwai kama, kuma ni ban raina adashe ba, da shi Inna ta yi wa 'ya'yanta mata uku kayan ɗaki. Sai dai adashe duk ranar zubi akwatin komawa yake wayam, an tara an miƙa wa mai kwasa shikenan, in kwasarka ta faɗo watan Maris kai kuma Yuni kake so sai dai ka roƙi uwar adashe ta yi maka musaya da wani, na ƙarshe kuma ya yi wa kowa ajiya kyauta, in uwar adashe ta samu matsala kowa ya samu. A kofaretib kuɗin zama yake ya yi ta taruwa shekara da shekaru, rancen kuma gwargwadon buƙatarka ne da lokacinta, ba layi ba.

Abin da ya ba ni mamaki da na bi asalin abin, ashe irin tamu ta manoma a ƙauye aka haife ta, kuma a kan irin matsalar Baffa. Wani Bajamushe ne Friedrich Wilhelm Raiffeisen, magajin gari ne a wani ɗan ƙauye Weyerbusch lokacin da aka yi yunwar 1846 zuwa 1847, ya ga yadda masu ba da bashi da dillalan shanu ke cinye ƙananan manoma har gona ta bar hannunsu. Da farko masu hali ya tara su taimaka, aka yi gidan burodi, daga baya a Flammersfeld a 1849 aka yi ƙungiyar taya manoma sayen shanu, amma ya lura abin sadaka ba ya ɗorewa, masu bayarwa gajiya suke. Sai a 1864 a Heddesdorf ya juya abin ya zama su mabuƙatan ne membobi, su ke lamunce wa juna. Kuma ya nace ƙungiya kar ta wuce yankin da kowa ya san kowa, shugabanni su yi aiki ba albashi in ban da mai riƙe lissafi. Daga nan abin ya bazu, Alphonse Desjardins ya kafa tasa a Lévis ta ƙasar Kanada a 1900, ajiyar farko da aka kawo masa santi 10 ce, yau ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa tana gogayya da manyan bankunan ƙasar. A Afirka garin Jirapa na arewacin Ghana ake ambata a matsayin na farko, 1955, ta hannun wani fadan coci John McNulty. Mu a Najeriya Turawa sun kawo wani C. F. Strickland ya yi rahoto a 1934, aka yi dokar ƙungiyoyin gama kai a 1935, manoman koko na Yamma suka riga kowa kamawa.

Amma wanda ya fi kusa da mu bai ma kai nisan Legas ba. A Maraɗi ne a 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara tsarin da aka sa wa suna Mata Masu Dubara, da Hausarsa haka, mata su taru duk sati su zuba, akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku makullai a hannun mata uku daban-daban, a ba da rance a gaban kowa, ƙarshen zango a fasa a raba. Wannan tsarin da ya fito daga ƙasar Hausa yanzu ƙasashe da dama ke yin sa a Afirka da wajenta. Shi yana tsakiya ne, ya wuce adashe bai kai cikakkiyar kofaretib ba tunda ana fasawa duk shekara, amma duk garin da matansa suka iya riƙe akwatin nan shekara uku ba rigima to sun gama firamaren abin.

Bari in shiga cikin injin da misali, lissafin nawa ne dan a gane. A ce mutum 40 ne, kowa ya sayi hannun jari na 10,000, an samu 400,000, wannan shi ne gindin ƙungiya mutum ba ya cire nasa sai zai fita. Sai zubi na wata 3,000 kowa, wata ɗaya 120,000, shekara 1,440,000, haɗa da jari 1,840,000. A ƙauye ba dole a ce wata-wata daidai ba, mu mun bar ƙofa manomi ya zuba da yawa da kaka ya huta da bazara, akwai ma mai kawo tiya biyar ta riɗi a auna a gaban kwamiti a rubuta masa kuɗinta. Ba a ba sabon shiga rance sai ya yi wata shida yana zubi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan nan yana iya karɓar ninki biyu na abin da ya tara, wasu ƙungiyoyin har uku, wanda ke da 46,000 kenan a ba shi 92,000, ya kawo membobi biyu su tsaya masa, in ya gaza a taɓa ajiyarsa sannan tasu. Ba takardar gona ba satifiket ɗin gida, jinginarsa ita ce ajiyarsa da mutuncinsa.

Nan ne ƙarfin abin yake, kuma shi banki ba zai taɓa iya saya ba. Manajan banki a Dutse ko Ringim bai san waye Baffa ba, kafin ya bincika gonarsa da halinsa dan rancen 90,000 kuɗin mai da alawus ɗin ma'aikaci sun cinye abin da zai samu, shi ya sa ba ya ma farawa, ba wai ƙiyayya ba ce lissafi ne. Mu kuwa kwamitin ba da rance mutum uku ne da suka san wanda gonarsa ke da ƙeƙuwa da wanda ke nome tasa sau uku, sun san wanda zai ce taki ya je ya ƙara aure. Wannan sanin kyauta muke da shi. Kuma mutum na iya shanye bashin gwamnati ya yi barci, amma kuɗin maƙwabciyarsa mai ƙuli-ƙuli da za su haɗu a gidan suna gobe da wuya.

Sai dai ga inda lissafin ke cizo, kuma mu bai faɗo mana ba sai da muka shiga. In duk mutum 40 suka ce ninki biyu suke so a watan Yuni, ana neman 3,680,000 kenan alhali abin da ke akwai 1,840,000 ne. Kofaretib ɗin da duk membobinta manoman damina ne zalla, rana ɗaya suke samu rana ɗaya suke nema, ba za ta iya da su ba. Dole a cakuɗa, a samu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti masu albashi duk wata, a samu 'yan tireda da mahauta da masu kiwon turka da buƙatarsu ke tashi wata uku kafin babbar sallah, mata masu matsar man gyaɗa da ke son sayen gyaɗa da kaka tana araha, 'yan noman rani da ke karɓa a Nuwamba su biya a Afrilu daidai lokacin da na damina ke shirin karɓa. Kuɗi ɗaya sai ya yi aiki biyu ko uku a shekara. Kuma dole a samu waɗanda ajiya kawai suke so ba rance ba, galibi dattawa da mata, su ne ainihin masu riƙe da ƙungiyar ko da yake ba su ne masu surutu a taro ba.

Yanzu babbar magana, wadda in ba a warware ta ba a ƙasarmu gara ma kar a fara, kuɗin ruwa. Yadda ake yi a Jamus da Kenya da kudancin ƙasar nan, mai rance na biyan wani kaso a kan abin da ya karɓa, daga nan ake biyan ɗawainiya a raba saura. Ranar da muka fara zama a makarantar firamare wani ya karanto irin wannan tsarin daga kundin wata ƙungiya da ya aro, liman bai bari ya kai aya ba ya ce "Malam dakata, wannan ko kuɗin zai dawo aljihunmu ne sunansa riba." Aka yi tsit. Ita kalmar ma rikita mu take, riba ta ciniki da Bahaushe ke nema kullum halal ce, riba ta Larabci da Alƙur'ani ya hana kuma ita ce ƙari a kan bashi, baƙi ɗaya hukunci biyu. Wasu suka ce ai mu ne mu, wa aka zalunta? Liman ya ce a nuna masa inda aka ce in 'yan uwa ne ya halatta. Ba wanda ya nuna.

Abin da ya fisshe mu shi ne raba buƙatun gida biyu. Na lalura, rashin lafiya, haihuwa, rasuwa, kuɗin jarabawa, wannan rance ne tsantsa abin da ka karɓa shi za ka mayar ko kwabo ba ƙari, ƙardan hasanan kenan, muka ware masa kaso kaɗan muka sa masa iyaka. Na sana'a kuma ba ma ba da kuɗi a hannu sai dai mu yi ciniki, irin murabahar da bankin Jaiz yake yi a nan tun da ya fara aiki a 2012. Ƙungiya ta je ta sari taki, a ce buhu 20 a kan 40,000 kowane, ya zama nata ya shigo sito, sannan ta sayar wa memba a 44,000 ya biya bayan girbi, ya san farashin sari ya san abin da aka ɗora. An samu 80,000 kenan a buhu ashirin. Sharuɗɗan da liman ya kafe a kai guda biyu ne, kayan su shigo hannun ƙungiya tukunna kafin ta sayar, in buhu ya fashe a hanya asararta ce, sannan in an yanka farashi an yanka, ko mutum ya makara wata uku ba a ƙara masa sisi. Na biyun nan yana da ciwo, dan mai taurin bashi ya san ba abin da zai hau kansa, sai dai a hana shi na gaba a kuma kama masu tsaya masa. Injin ban ruwa da na feshi kuma haya muke ba da su. Ba duk malamai ne suka yarda da kowane salo na murabaha ba, musamman inda aka ɗaure mutum da alkawarin sai ya saya tun kafin a saro, dan haka kowace ƙungiya ta zaunar da malaminta tun ranar rubuta kundi, ba sai an raba riba ba a fara neman fatawa.

Wani abin da liman ya faɗa ranar ya daɗe yana min yawo a kai. Ya ce ita ba da kaka a siffarta ai kusan salam ce, ka biya kuɗi yanzu a kawo maka hatsi daga baya, kuma hadisi ya yarda da shi in an san mudu an san awo an san lokaci. Matsalar farashin ne, mai kuɗi shi kaɗai ne a gari, kai kuma taki ya kama ka a wuya, duk abin da ya yanka sai ka ce na gode. Toh in ƙungiya ce ta sayi buhun nan tun Yuni a farashin da ba zalunci, ta adana shi a rumbu zuwa bazara ta sayar, abin da mai halin can yake ci shi kaɗai ya dawo wa mutum arba'in har da shi manomin.

Ribar shekara ba duka ake rabawa ba. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta ce a fara ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a asusun ko-ta-kwana, daga 80,000 ɗin can 20,000 kenan, kuma duk shekara sai an yi faɗa a kan wannan dan mutane gani suke an hana su haƙƙinsu. Mu ambaliyar 2022 ce ta rufe bakin kowa, wadda ta cinye gonaki a faɗin Jigawa, membobinmu da dama ba su girbe ko dami ɗaya a fadama ba, ba ƙin biya suka yi ba babu ne. Da ba dan ɗan abin da aka ware da kuma zubin masu albashi ba da tun shekarar aka nannaɗe tabarma. Wannan shi ne raunin ƙungiyar gari ɗaya, ruwa ɗaya ke cin kowa, shi ya sa a ƙasashen da abin ya kafu ƙananan ƙungiyoyi ke haɗuwa su yi uwar ƙungiya mai ranta musu in ta ɓaci, Kenya har hukuma ta musamman gare su mai sa ido a kan irin waɗannan ƙungiyoyi da suke kira SACCO.

Ga kuma tsadar kaya da ke cin ajiya a tsaye. A Disambar 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ya kai kashi 34.8, kai kuma ribar da ka raba wa memba ba ta kai rabin haka ba, wato wanda ya sa kuɗinsa a tunkiya ya fi wanda ya kawo maka. Wani dattijo ya faɗa min haka a fuska kuma ban musa ba, abin da na ce masa kawai tunkiya ba ta ranta maka ninki biyu, kuma ba a yankar ƙafarta ɗaya a kai asibiti. Amma darasin mun ɗauka, kuɗi ba ya kwana a akawun, ko yana hannun memba yana aiki ko ya zama hatsi a rumbu.

A sani kuma, hukumar NDIC da ke ba ajiyar banki inshora, wadda a 2024 ta ɗaga abin da take biya zuwa miliyan 5 a manyan bankuna da miliyan 2 a ƙananan bankunan maikurofainans, ba ta rufe kuɗin kofaretib. In ma'aji ya gudu ya gudu. Rajista a ofishin daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha tana ba ku satifiket da damar buɗe akawun da sunan ƙungiya da zuwa kotu, jami'ansu kuma su duba littafi, amma ba ta dawo da abin da aka ci. Kuma dan Allah a bambance, duk wanda ya zo da sunan kofaretib yana cewa kawo dubu goma ka karɓi ashirin a wata, ba ka san membobi ba ba ka taɓa zaɓen kowa ba, wannan ƙanin MMM ne da ya kwashe mutane a ƙarshen 2016. Akwai kuma kofaretib ta cikin jaka, wadda ake haɗawa dare ɗaya da sunayen 'yan uwa saboda an ji gwamnati za ta raba rance, irin waɗanda suka yi yawa bayan an ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015. Wadda aka kafa dan karɓa ranar da aka karɓa take mutuwa, ba wanda ya taɓa zuba kwabonsa balle ya ji zafin a biya.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi kashe ƙungiya a ƙauye, ba ɓarawo ba ne ba ambaliya ba, kunya ce. Sanin junan da na ce shi ne ƙarfinmu shi ne dai ke ɗaure mana baki. Yaya za ka tashi a gaban jama'a ka ce surukinka bai biya ba? Yaya za ka ce wa mai unguwa ranka ya daɗe layi za ka bi? Ciyaman ya karɓi rance ba garanto saboda ai shi ne, ma'aji ya ara wa ƙaninsa daga akwati zuwa ranar kasuwa bai rubuta ba, kowa ya sani kowa ya yi shiru, ranar da ƙaramin memba ya ga manya ba sa biya shi ma ya zauna, shekara biyu sai ka ji ana cewa ai kofaretib ba ta yi a garin nan. Maganin da muka samu ba wani na zamani ba ne, rubutu ne da karantawa a bainar jama'a. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, da liman ya karanto ta a taro sai rubutun ya daina zama rashin yarda ya koma bin umarni. Kowa da katin zubinsa, babban littafi na guna, kuɗi na gun ma'aji, cirewa a banki sai hannu biyu cikin uku, alat kuma na shiga wayar wata malamar asibiti da ke kwamitin sa ido wadda ba ta cikin masu sa hannu. Shugaba ba ya zama a ɗakin da ake duba takardar rancensa. Wa'adi shekara biyu a sake zaɓe ko mutum waliyyi ne.

Ranar da abin ya zo kaina ita ce ranar da sunan Baffa ya faɗo cikin waɗanda suka makara da kuɗin taki, wata biyu. Daren na je na same shi na ce Baffa gobe fa akwai karatun suna, ko in rufa maka kafin ka sayar da wake? Ya dube ni ya ce "da kuɗin wa za ka rufa, naka ko na marayun da ke ciki? Karanta abinka ɗan nan, bashi hanji ne." Washegari na karanto, muryata na rawa, ya ɗaga hannu daga inda yake zaune a kan buzunsa ya ce ranar Lahadi in Allah ya kai mu. Ya kuwa kawo, da ƙurar Gujungu a ƙafarsa. Tun daga ranar ban ƙara jin wanda ya zo min da dare yana cewa a tsallake sunansa ba.

Yanzu rigimar da ke gabanmu ta daban ce. 'Yan noman rani na so a sayi famfon sola guda biyu a riƙa ba su haya tunda fetur ya gagara tun cire tallafi a 2023, matan kuma, da su ne suka fi yawa suka kuma fi kowa biya a kan lokaci, sun ce ba su yarda a daskarar da kuɗi a ƙarfe ba ana saura wata biyu gyaɗa ta shigo, kuma sun ce a wannan karon ma'aji daga cikinsu za a zaɓa. Na ƙirga hannayensu a littafi, in suka zo duka ranar Juma'a bayan la'asar sola sai wata shekarar.